Gaskiya ko Jita-jita: Shin Bakin Kiristoci Ɗaya Ne a Kan Littafinsu?

A ƙasar Mafara, tun daga Dakko da Bakura har zuwa Maradun, Kiristan da yawancinmu muka sani shi ne mai shagon magani a bakin kasuwa, ko malamin lissafi a sakandare, ko ma'aikaciyar jinya, ko ɗan bautar ƙasa da aka turo mana na shekara guda. Muna gaisawa, muna ciniki ranar Talata, wani lokaci har bashi kan shiga tsakani. Amma da za a tambaye mu abin da suka yi imani da shi, sai mu tarar kusan duk abin da ke kanmu ji muka yi daga bakin wanda bai taɓa buɗe littafinsu ba, ko daga guntun bidiyon da ya faɗo wayarmu. Su ma a nasu ɓangaren akwai da dama da ba su san komai ba sai abin da cocinsu ya koyar, har sukan ɗauka fahimtar fastonsu ita kaɗai ce a duniya.

Mu mutanen wannan yanki mun ga abin da maganar da ba a tantance ba take jawowa. A watan Agustan 2016, zargin ɓatanci da aka yi wa wani ɗalibi a Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara ya kai ga cinna wa gidan mutumin da ya taimaki ɗalibin wuta, mutum takwas suka rasu. Shi ya sa muke ganin wannan bincike ya shafe mu. Ba mu zo yanke hukuncin wane addini ne gaskiya ba. Kowa ya san inda ya tsaya, kuma bambancin aƙida tsakanin Musulunci da Kiristanci ba ɓoyayye ba ne. Za mu duba maganganun da ake iya aunawa da tarihi da abin da ke rubuce.

"Kiristoci duk ɗaya ne, abin da fasto ɗaya ya faɗa shi ne maganar kowa"

Wannan ba haka yake ba, kuma rabuwar ta daɗe. A shekarar 451, bayan taron malaman coci a garin Kalsidon, Kiristocin Masar da Habasha suka kama hanyarsu daban saboda saɓani a kan yadda za a bayyana matsayin Almasihu. A 1054 cocin Roma da na Gabas suka raba gari. A 1517 Martin Luther ya ƙalubalanci Paparoma a Jamus, daga nan ɗariƙun Furotesta suka yi ta tsirowa.

Wannan rabuwar ce ta biyo 'yan mishan zuwa Arewa. Dokta Walter Miller na cocin Angilika ya zauna a Zariya tun 1905, daga baya mabiyansa suka koma Wusasa. Ƙungiyar SIM da ta fara yunƙurin shigowa a 1893 ita ta haifi ECWA a 1954. Ƙungiyar SUM ta 1904 ta haifi COCIN a Filato. Waɗanda suka sauka Garkida a 1923 su ne tushen Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, wato EYN. 'Yan Katolika na ƙasar Mafara suna ƙarƙashin Bishop na Sakkwato, kujerar da Matthew Hassan Kukah yake kai tun 2011. Ga kuma sababbin coci-coci irin su Deeper Life da Redeemed da suka taso daga Kudu. Kowanne da shugabancinsa, da makarantar horar da malamansa, da yadda yake karanta nassi.

Abin da ya haɗa mafi yawansu shi ne shahadar da aka fara tsarawa a taron Nikiya a 325: Allah Uku-Cikin-Ɗaya, da gicciye Yesu, da tashinsa daga matattu. Ko a nan ma akwai waɗanda suka fita, kamar Shaidun Jehobah, da ba su yarda da Uku-Cikin-Ɗaya ba.

Me ya sa muke ganinsu abu guda? Saboda daga nesa muke hange, kuma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ranar Lahadi muna ganin kowa ya yi ado ya nufi coci. Idan rikici ya tashi muna jin ƙungiyar CAN ta yi magana da sunan kowa. Amma CAN, wadda aka kafa a 1976, inuwa ce ta kare muradun mabiya. Ba ta ba da fatawa a kan ma'anar aya, kuma ba ta da ikon tilasta wa wani coci fahimtarta.

"Littafin da ke hannun kowane Kirista iri ɗaya ne"

Kusan haka ne, amma da saura. Littafi Mai Tsarki tarin littattafai ne da aka rubuta cikin ƙarnuka masu yawa. Sabon Alkawari littattafai 27 ne a wurin Katolika da Furotesta duka. A Tsohon Alkawari ne aka bambanta: Furotesta suna da 39, Katolika 46. Jimilla ke nan 66 da 73. Cocin Habasha kuwa yana ƙirga 81. Littattafai bakwai da ke tsakani, irin su Tobit da Makabiyawa, suna cikin tsohuwar fassarar Girkanci da Kiristocin farko suka yi amfani da ita, amma ba sa cikin jerin da Yahudawa suka tsayar da Ibrananci. Luther ya bi jerin Yahudawa, Katolika kuma suka tabbatar da nasu a taron Trent a 1546. Wannan yana da tasiri a aiki: yi wa mamaci addu'a, wanda Katolika ke yi, ECWA kuma ba ta yi, ɗaya daga hujjojinsa yana cikin littafin Makabiyawa na biyu.

"Tun da fassarori sun yi yawa, kowa rubuta nasa yake yi"

A nan an gwamutsa abubuwa biyu, fassara da asali. An rubuta Tsohon Alkawari da Ibrananci, sai 'yan wurare da Aramiyanci. An rubuta Sabon Alkawari da Girkanci. Duk abin da muke gani da Turanci ko Hausa ko Yarbanci fassara ce daga waɗannan.

Ta Hausa ma tana da tarihinta. Wani Bajamushe, James Frederick Schön, ya fara fitar da sassa tun wajen 1857, yana aiki da Dorugu, Bahaushen yaron nan daga ƙasar Damagaram da ya bi wani matafiyi mai suna Barth zuwa Turai. Cikakken littafin ya fito a 1932, Miller yana cikin manyan masu aikin. A 1979 aka fito da sabuwar fassara domin Hausar ta yi daidai da ta masu karatu na lokacin. Shi ya sa za ka ga wani bugu ya ce Yesu Kiristi, wani ya ce Yesu Almasihu, alhali kalmar Girkanci guda ake juyawa. Mu ma mun san haka a gida: tarjamar Alƙur'ani ta Shaihu Abubakar Gumi da ta Shaihu Nasiru Kabara ba kalmominsu ɗaya ba, kuma ba wanda ya ce Alƙur'ani biyu ne.

Dalilin da ya sa abin ke ɗaure wa Musulmi kai a fili yake. Musulmi da Larabci yake salla, tarjama a wurinsa bayanin ma'ana ce kawai. Kirista kuwa da fassarar yake sujada, da ita yake wa'azi. Wanda ya tashi cikin tsari na farko, idan ya ga na biyu, dole ya yi zaton an sauya littafi.

Sai dai gaskiya ba ta tsaya nan ba, kuma ya kamata Kirista mai karatu ya ji sauran. Akwai tsofaffin kwafe-kwafen Sabon Alkawari na Girkanci sama da 5,000 da aka rubuta da hannu, kuma ba su yi daidai da juna harafi da harafi ba. Mafi yawan bambancin na rubutu ne ko jerin kalmomi, amma akwai manya guda biyu da kowane ɗalibin fannin ya sani. Ayoyi goma sha biyu na ƙarshen Markus babu su a kwafi biyu mafi daraja na ƙarni na 4, wato na Sina'i da na Batikan. Labarin matar da aka kama da zina, a farkon sura ta 8 ta Yahaya, shi ma babu shi a kwafe-kwafen farko. Ba a ɓoye wannan ba. Yawancin fassarorin zamani suna rubuta shi a ƙasan shafi, kuma malaman Kirista ne da kansu suka fi yin wannan tono. A ɗaya gefen, kwafin littafin Ishaya da aka gano kusa da Tekun Gishiri a 1947 ya girmi waɗanda aka sani a da da kimanin shekara dubu, kuma ya yi daidai da su a mafi yawan wurare.

Batun ko an canja saƙon asali, wato tahrifi, magana ce ta aƙida, kuma malaman Musulunci tun da can sun tattauna ko canjin na lafazi ne ko na ma'ana. Abin da tarihi zai iya cewa shi ne, fasto ba ya zama ya rubuta nasa, kuma kwafe-kwafen ba su kuɓuta daga hannun magatakarda ba.

"Linjilar Barnaba ita ce ta asali da aka ɓoye"

Wannan littafi yana yawo a hannun matasa, amma bincike bai goyi bayansa ba. Kwafinsa biyu aka sani, ɗaya da Italiyanci ɗaya da Sifaniyanci, kuma na Italiyancin, wanda ke ajiye a Biyana, na ƙarshen ƙarni na 16 ne. An fassara shi zuwa Turanci a 1907. Marubucinsa bai san ƙasar Falasɗinu ba, domin ya sa an isa Nazarat cikin jirgin ruwa, alhali garin a kan tuddai yake. Abin da ya fi wannan nauyi ga Musulmi shi ne, littafin ya sa Annabi Isa (AS) yana musun cewa shi ne Almasihu, alhali Alƙur'ani ya kira shi da wannan suna a wurare da dama. Ya samu karɓuwa ne saboda ya ambaci Annabi Muhammadu (SAW) da suna, ya kuma ce almajirinsa Yahuza aka gicciye. Magana mai daɗin ji ba a cika tsayawa a bincike ta ba. A ganinmu, wanda ya yarda da hujjar addininsa ba ya buƙatar jingina da takardar da ke karo da littafinsa.

"Nassi a fili yake, duk wanda ya saɓa son zuciya ya bi"

Wannan ta fi yawa a bakin Kiristoci kansu, kowace ɗariƙa tana faɗa wa 'yar'uwarta. Tarihi bai gaskata ta ba.

A watan Oktoban 1529 aka zaunar da Luther da Zwingli a garin Marburg domin su daidaita. Dukansu malamai ne da suka san Girkanci, dukansu sun bar Roma a kan cewa nassi kaɗai ne hujja. Sun amince a kan batutuwa 14 cikin 15. Na ƙarshen shi ne jibin Ubangiji: da Yesu ya ɗauki gurasa ya kira ta jikinsa, zahiri yake nufi ko misali? Luther ya tsaya a kan zahiri, Zwingli ya ce alama ce. Suka tashi ba su daidaita ba. Ba wanda zai ce ɗayansu jahili ne ko mai neman abin duniya.

Haka batun baftisma. Katolika da Angilika suna yi wa jarirai, suna kafa hujja da wuraren da Ayyukan Manzanni ya ba da labarin an yi wa mutum da dukan iyalin gidansa. ECWA da Baptis da EYN suna jira sai mutum ya yi hankali ya furta da bakinsa, suna kafa hujja da wuraren da aka gabatar da ba da gaskiya kafin ruwa. Littafi guda ne a hannunsu.

Wanda ya fi taɓa ƙasar Hausa shi ne auren mace fiye da ɗaya. Lokacin da Maguzawan ƙasar Kano da Katsina da Zazzau suka fara shiga Kiristanci, tambayar ta zo da nauyinta: magidanci mai mata uku da 'ya'ya cike da gida, ya zai yi? Taron bishop-bishop na Angilika a Lambeth a 1888 ya ce kada a yi masa baftisma sai ya koma mace ɗaya. Ana iya tunanin abin da wannan ya jawo wa matan da aka sallama da 'ya'yansu. Wasu malamai suka yi ta nuna cewa Ibrahim da Yakubu da Dawuda duk sun tara mata, kuma wasiƙar manzo Bulus ga Timoti shugaban ikilisiya ta ɗora wa sharaɗin mace ɗaya. Bayan shekara ɗari cif, a 1988, wannan taro na Lambeth ya sassauta: ana iya yi masa baftisma da matansa, muddin ba zai ƙara ba kuma jama'ar wurin sun amince. Ayoyin suna nan yadda suke. Masu karatun ne suka ga abin da hukuncinsu na farko ya haifar.

Ga kuma shugabancin mata. Cocin Ingila ya fara naɗa mata limamai a 1994, Angilikan Najeriya ba su yarda ba, alhali a Benin Margaret Idahosa ce ta gaji jagorancin cocin mijinta bayan rasuwarsa a 1998. Giya ma haka: wasu coci-coci na Arewa sun hana ta kwata-kwata, Katolika maye suka hana. 'Yan Adbentis kuma Asabar suke sujada.

Littafin da kansa bai ɓoye wannan ba. Wasiƙar Bitrus ta biyu ta yarda cewa a rubuce-rubucen Bulus akwai wurare masu wuyar ganewa. Sura ta 15 ta Ayyukan Manzanni labarin taro ne da manzanni suka yi a Urushalima domin warware gardama a kan kaciya. A wasiƙarsa ga Galatiyawa, Bulus ya ba da labarin yadda ya tsauta wa Bitrus a gaban jama'a a Antakiya. Tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa.

Wanda ya ga zamanin da ƙabalu da sadalu suka raba masallatai a Arewa ba zai yi mamakin wannan ba. Misalin bai yi daidai ta kowace fuska ba, domin wasu saɓanin Kiristoci sun taɓa tushe, amma hanyar da kuskuren ke yaɗuwa iri ɗaya ce. Yaro ya tashi yana jin aya tare da fassarar malaminsa a lokaci guda, har ya kasa raba su. Ranar da ya ji wata fassarar, sai ya ji kamar ayar aka taɓa.

"Wanda ya yi magana da cikakken tabbaci shi ne ya san gaskiya"

Ƙarfin murya ba hujja ba ne, kuma tarihin coci cike yake da shaida. A Amurka, William Miller ya yi lissafi daga littafin Daniyel, mabiyansa suka tsayar da 22 ga Oktoba, 1844 a matsayin ranar dawowar Almasihu. Wasu suka bar gonakinsu ba girbi. Gari ya waye ba abin da ya faru. Harold Camping ya maimaita irin wannan da 21 ga Mayu, 2011, mutane suka kashe dukiyarsu wajen tallar ranar. Duk wannan kuwa alhali sura ta 13 ta Markus ta nuna sanin wannan lokaci na Allah ne shi kaɗai.

Akwai masu muni fiye da haka. A 1845 Baptis na kudancin ƙasar Amurka suka ɓalle domin kare mallakar bayi, da ayoyi a hannunsu, yayin da wasu Kiristoci ke yaƙar bauta da wasu ayoyin. A 1995 suka fito suka nemi gafara. Cocin Turawan Afirka ta Kudu da ya daɗe yana kare wariyar launin fata da nassi ya janye a 1986. Mutanen da suka yi waɗannan wa'azozi ba su da shakka ko kaɗan a ranar da suke yi.

Ko maganar da ake yi cewa Paparoma ba ya kuskure a wurin Katolika, an faɗaɗa ta. Koyarwar da aka tsayar a 1870 ta taƙaita ne ga sanarwa ta musamman a kan aƙida ko ɗabi'a, kuma tun daga lokacin sau ɗaya aka yi irin wannan sanarwa, a 1950. Hirarsa da 'yan jarida ba ta cikin wannan.

Wannan ba ya nufin mai imani ya zauna cikin kokwanto. Mutum yana iya sakankancewa da Ubangijinsa, ya kuma san cewa fahimtarsa ga wata aya fahimtar ɗan Adam ce. Bulus da kansa ya kwatanta sanin da ake da shi a duniya da kallo a madubi mai dishi-dishi. A namu ɓangaren an ruwaito cewa Imamu Malik yakan amsa tambayoyi da yawa da cewa bai sani ba, kuma malamanmu na zaure har yau sukan rufe fatawa da mayar da sani ga Allah. Dalilin da ya sa mai ihu ya fi samun kasuwa shi ne, mutumin da ke cikin tsoro ko talauci amsa yankakkiya yake nema, ita kuma waya gajeren zance mai zafi take yaɗawa. Malamin da ya ce akwai magana biyu a kan mas'ala, ba a cika tura bidiyonsa ba.

"Wa'azin zafin da muka gani a waya, shi littafinsu ya umarce su"

Wannan ita ce mafi haɗari a wurinmu. Gaskiya ne akwai fastocin da ke ɗauko labaran yaƙi daga Tsohon Alkawari su ɗora a kan rikicin yau. Akwai kuma masu cewa kare kai halal ne amma ramuwa haram ce, wanda shi ne ra'ayin manyan coci-coci da yawa. Sannan akwai EYN, waɗanda tun asalinsu suka fahimci wa'azin Yesu na kan dutse a matsayin hani ga ɗaukar makami. An jarraba su a kan wannan fahimta. Yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a Afrilun 2014 'ya'yan wannan coci ne, kuma a Oktoban shekarar Boko Haram ta mamaye hedikwatarsu da ke Kwarhi kusa da Mubi. Duk da haka shugabanninsu ba su sauya koyarwarsu ba. Mu da muka san zafin satar mutane a Zamfara mun san nauyin wannan.

Saboda haka muna roƙon mai karatu, Musulmi ne ko Kirista: idan bidiyo ya iso wayarka, kafin ka tura, ka tambaya wane ne mai maganar, wane coci yake, wace aya ya ɗauko, kuma me sauran malamansu suka ce a kanta. In ba ka samu amsa ba, maƙwabcinka mai shago yana nan, ka je ka tambaye shi cikin mutunci.